Yadda Ake Riƙe Kayen Awon Tansiyo da Suga a Gida

Baba yana zaune kan buzunsa bayan sallar asuba, a zaurenmu da ke Birni, carbi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya yi niyyar kiran sunana, harshe ya ƙi. Da muka kai shi asibiti, tambayar farko da lokotoro ya yi mana ita ce yaushe rabon da a auna masa tansiyo. Mu shida ne a tsaye, ba wanda ya iya amsawa. Baba bai taɓa kwanciya ciwo ba, don haka ba wanda ya taɓa tunanin awo.

Tun daga ranar nake riƙe da kayen awon gidanmu, yau shekara 11. Inna tana ciki, da yayata mai ciwon suga, da maiɗakina, da ni kaina, har da maƙwabta uku da ke shigowa ranar Juma'a da safe. Mukan ce jiki magayi, amma hawan jini da suga sukan yi shekaru suna ɓarna a ƙoda da ido da jijiyoyi, jiki bai gaya wa kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba. Lambar da aka auna aka rubuta ce ke tona shi. Ga yadda nake yi.

Kayan aiki

Na'urar awon tansiyo mai ɗaurawa a damtse, wadda ke aiki da pil. Kada ka sayi ta wuyan hannu, ta cika kuskure. Ka gwada maɗaurin kafin ka biya: in ya yi wa mai kauri kaɗan, lamba za ta haura ƙarya.

Na'urar awon suga da tsinkayenta da ake ɗiga wa jini, da alluranta na tsaga yatsa. Wannan sai in akwai mai ciwon a gida. Kafin ka saya, zaga farmasi biyu ko uku a nan Damagaram ka tabbatar ana sayar da tsinken irinta. Na ga mutane da na'ura mai kyau da aka kawo musu tsaraba daga Makka ko Kano, tana ajiye cikin kwaba don babu tsinkenta a gari.

Kaye mai kauri da bik, mitar tela, ƙaramin cokalin shayi, ƙaramin madubi, da gwangwani mai murfi na ajiyar magani.

In babu kuɗin na'ura, aikin bai tsaya ba. CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, tana awon tansiyo, farmasi da yawa ma suna yi. Ka tafi da kayenka a rubuta maka. Ko kuma ƴan fada ɗaya, ko matan adashi, su haɗa kuɗi su sayi guda ta zama ta kowa. Na'urar tansiyo ana aronta. Allurar tsaga yatsa kuwa ba a aronta ko tsakanin wa da ƙane, domin ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi.

1. Buɗe kaye

Kowane babba a gida ka ware masa shafi huɗu ko biyar. A saman na farko ka rubuta shekarunsa, da ko uwa ko uba ko ɗan'uwa ya taɓa yin hawan jini, suga, shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Ka rubuta ko yana shan taba, da sunan duk maganin da yake sha, har na gargajiya. Sai ka ja layuka: rana, lokaci, tansiyo, bugun zuciya, suga, da fili na ƙarshe don abin da ya faru, kamar “bai yi barci ba” ko “magani ya ƙare kwana uku”.

Wannan filin na ƙarshe shi ne ya fi yi mini amfani. Inna in lokotoro ya ce “Hajiya, yaya jiki?”, amsarta ɗaya ce: “Da sauƙi, alhamdu lillahi”, ko da jiri ya kusa kayar da ita jiya. Kunya da kawaici ba sa barin dattijo ya yi ƙorafi. Sai in miƙa kaye ya yi magana a madadinta.

2. Auna tansiyo yadda ya kamata

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan tsaya a kai.

Rabin awa kafin awo, babu shayi, babu kofi, babu goro, babu taba. Mutum ya fara kewayawa, don mara cike tana ɗaga lamba. Ya zauna kan kujera mai jingina, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ba a harɗe ba, ya huta minti 5 cur. Hannu ya kwanta kan tebur daidai tsayin ƙirji. In babu kujera da tebur, ya zauna kan tabarma ya jingina da bango, a kife turmi ko a tara matasai a ɗora hannun. Kada hannun ya yi lilo a ƙasa, kada kuma shi ya riƙe shi a sama da ƙarfinsa.

A ɗaura maɗaurin kan fata, kamar yatsa biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu, igiyar iskar tana bin cikin hannu. Babbar riga a tuɓe ta. Hannun riga in an naɗe ya matse damtse, gara a cire hannun gaba ɗaya. Daurin ya zama yatsa biyu za su shiga ƙarƙashinsa da ƙyar.

Sai abin da ya fi mana wuya a nan: shiru. Na'ura tana aiki wani ya yi sallama, a shiga ina kwana, ina gajiya, ina iyali. Magana tana ɗaga lamba. Ni nakan tura ƙyaure in ce wa yara duk wanda ya zo ya dakata minti goma.

Ranar farko ka auna hannu biyu. Wanda ya fi yawa, shi za ka riƙa amfani da shi kullum. Kowane zama ka auna sau uku, da tazarar minti ɗaya, ka rubuta duka, ba wadda ta fi yi maka daɗi ba.

In kana son sanin gaskiyar tansiyon mutum, yi uku-uku-uku: awo uku da safe kafin kari da magani, awo uku da dare kafin kwanciya, kwana uku a jere. Ka haɗa lambobin sama ka raba da yawan awon, haka ma na ƙasa, ka sami matsakaici.

3. Karanta lambar

A asibitocinmu za ka ji majo ya ce “tansiyonka 14/9”. Na'urar gida kuwa za ta nuna 140/90. Abu ɗaya ne, sifili ne bambancin. Ta sama ƙarfin jini ce lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki.

Wajen 12/8 lafiya ce. In a asibiti aka sami 14/9 ko sama a ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne. A gida mutum ya fi natsuwa, don haka iyakar 135/85 ce a matsakaicin kwana ukun nan. Ko ɗaya daga cikin lambobin biyu ce ta haura, ya isa a je a ga lokotoro. Awo guda da aka yi bayan fushi ko gudu ba ya yanke hukunci.

Wanda lambarsa ke daidai, sau ɗaya a shekara ya wadatar. A gidanmu duk wanda ya haura 40 ko yake da gado, duk wata uku nake auna shi. Mai shan magani, sau ɗaya ko biyu a mako, sai kuma uku-uku-uku kafin ranar komawa asibiti. Kada ka bari na'ura ta zama waswasi, mutum yana auna kansa sau goma a wuni.

4. Auna suga

Awon da ake dogara da shi na safe ne, bayan awa 8 ba a ci komai ba. Ruwa zalla ba ya ɓata shi. A wanke hannu da sabulu a tsane sosai. Wata rana yayata ta sami lamba mai tayar da hankali, ashe dabino ta rarraba wa jikoki ba ta wanke hannu ba. Da ta wanke muka sake, lambar ta sauko. A tsaga gefen yatsa, ba tsakiya ba, ya fi rashin zafi, kuma a riƙa sauya yatsa. Da ka ɗauki tsinke ka rufe kwalbar nan take, ka ajiye ta a inuwa, ka riƙa duba ranar lalacewarsa. Zafin bazararmu yana kashe tsinke tun kwanansa bai ƙare ba.

Ɗakunan gwajinmu da giram a lita suke rubutawa. Daga 0,70 zuwa ƙasa da 1,10 lafiya. Daga 1,10 zuwa 1,25 mutum yana bakin kofa, kuma nan ne gyaran abinci da tafiya suka fi yin tasiri. Daga 1,26 zuwa sama, in an maimaita wata rana a ɗakin gwaji aka sake samu, ciwon suga ne. Wasu na'urori 126 za su nuna maka, wasu 7,0. Duk ma'auni ɗaya ne da 1,26. Ka san yaren na'urarka ka rubuta shi a bangon kaye.

Kada ka jira ranar awo in ka ga waɗannan: yawan tashi fitsari da dare, ƙishin da ba ya yankewa, rama alhali ana ci, gyambon da ya ƙi warkewa, ko kiyashi na taruwa inda aka yi fitsari. A watan Afrilu kowa ƙishi yake ji, shi ya sa da yawa suke ɗora laifin kan zafi.

5. Ƙugu

Zagaya mitar tela daidai wajen cibiya, mutum yana tsaye, bayan ya saki numfashi. Namiji ya kai santimita 94, mace 80, haɗari ya fara ƙaruwa. Teɓa ba shaidar hutu ba ce, kitsen ciki shi ke jawo suga. Ƙwayoyin ƙiba da ake ba ƴan mata da amare, da yawansu dangin dexamethasone ne, suna ɗaga suga da tansiyo gaba ɗaya. Duk uwar da ke karanta wannan, don Allah ki raba ƴarki da su.

6. Awon shekara

Akwai abin da na'urar gida ba ta gani. Mai hawan jini ko suga, sau ɗaya a shekara ya nemi gwajin ƙoda na jini, wato créatinine, da gwajin fitsari, da na kitsen jini. Mai suga ya ƙara da HbA1c, wanda ke nuna yadda sugansa ya kasance cikin wata biyu zuwa uku, da duban cikin ido ko da yana gani garau. Kowa ya yi gwajin ciwon hanta nau'in B ko sau ɗaya ne a rayuwa. Mace daga shekara 30 ta tambayi awon bakin mahaifa, kuma duk ƙullutun da ta ji a nono ta nuna, ko ba ya ciwo.

Ka fara daga CSI, su za su tura ka babban asibitin ƙasa na Damagaram in da buƙata. Masu zuwa daga Mirriya, Magariya, Matamai ko Tanut su yi sammako ba su karya ba, su riƙo abin karinsu a jaka, don kada a ce su dawo gobe. In kuɗi bai kai a yi duka ba, ka faɗa wa lokotoro kai tsaye ya zaɓa maka wanda ya fi gaggawa. Ranar 17 ga Mayu ta hawan jini ce a duniya, 14 ga Nuwamba kuma ta suga. Ka kasa kunne a rediyo a irin ranakun ko za a yi awon kyauta.

Mai ciki kada ta tsallake awon ciki ko ɗaya. Tansiyo 14/9 a rabin ciki na biyu, tare da ciwon kai, kumburin fuska ko gani dishi-dishi, ba abin kwana a gida ba ne.

7. Tukunya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne. Ga yajin tsire, ga kilishi, ga sardin na gwangwani, ga garin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliyar yara. Kanwa ma ƴar uwar gishiri ce wajen ɗaga tansiyo, don haka mai jegon da ke da hawan jini ko kumburi ta bar kunun kanwa, ko dangin miji sun yi magana.

Ga yadda muka yi. Na zauna da mai girki muka ƙirga abin da ke shiga miya: dunƙule shida da gishiri cike da tafin hannu. Makon farko muka cire dunƙule ɗaya, ba mu gaya wa kowa ba. Bayan mako biyu muka cire wani. Cikin wata biyu muka dawo biyu, gishiri kuma da cokali ake aunawa. Gurbinsu muka ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa, citta da masoro. Harshe yana sabawa in ba a yi masa fyaɗen farat ɗaya ba.

Ra'ayina, kuma na daɗe a kansa: kada a ware wa maras lafiya tukunyarsa ta lami. Ba ya jurewa, zai bi dare ya ci na gida, kuma yaran da ke cin mai gishirin su ne masu tansiyon gobe. Tukunya ɗaya, a rage wa kowa.

Sai sukari. Shayin fada zagaye uku, safe da yamma, ka ƙirga cokulan da ke shiga buta za ka sha mamaki. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 33 tana ɗauke da wajen giram 35, fiye da ƙaramin cokali takwas. Zoɓo da fura ma yanzu sukari ake zuba musu har ya kwanta a gindin kwarya. Zuma sukari ce ga mai ciwon suga. Alkakinmu na biki, a bar shi ranar biki, gutsure guda.

Ana yawan gaya wa mai suga ya bar gero sai alkama da acca. Gero ba abokin gaba ba ne. Wanda ba a surfe shi tas ba ya fi farar shinkafa da burodi. Yawan ne matsala. Mai suga ya sami ƙaramin kwanonsa maimakon cin akushi ɗaya da jama'a: rabi ganye, kwata tuwo, kwata wake ko kifi ko nama. Zogale, rama, yakuwa, kuɓewa, kabeji da tumatirin lambu duk suna Kasuwar Dole, in rani ya tsananta busasshen ganye ma ya yi. Wake ya fi komai araha da riƙe ciki. Man girki a auna da cokali, suya kuma ta zama ta jefi-jefi.

8. Tafiya da ƙafa

Minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, da saurin da za ka iya magana amma ba za ka iya jan ƙira'a ba. A bazara zafi yana wuce digiri 40, don haka bayan asuba ne lokacinta. Ni nakan fita daga Birni in bi ta gaban fada in nufi Zango in dawo. Tafiyar da ba ta kai kwata awa ba, a bar kabu-kabu. Matan da ba sa fita, daka da shara aiki ne na gaske, a ƙara da zagaya tsakar gida minti goma bayan kowane cin abinci. Taba, ta sha ko ta leɓe, da shisha, ba a rage su, bari ake yi.

Mai suga ƙafarsa tana iya daina jin zafi. Kowane dare ya duba tafinta da madubi, da tsakanin yatsu. Bayan alwala ya tsane tsakanin yatsun. Kada ya taka rairayin rana ba takalmi, kada ya miƙa ƙafa ga kaskon wuta da hunturu, ya shafa mai a diddige saboda faso, kuma kada ya ba mai yankan farce na yawo ƙafarsa. Ɗan ƙurji a ƙafar mai suga, a kai asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu.

9. Magani

Wannan ba maganin zazzaɓin sauro ba ne da ake shanyewa a huta. In lamba ta yi kyau, magani ne ya gyara ta. Ka daina, ta koma. Na ga wannan kuskuren ya fi a ƙirga, kuma shi ya mayar da wani maƙwabcinmu gadon asibiti.

Ɗaura shan magani da salla: na Inna yana kusa da carbinta, tana sallame asuba ta sha. In ya rage na mako guda a sayo wani. In kuɗi ya yi wuya, ka nemi a rubuta maka sunan asali, kamar amlodipine ko metformine, ka tambayi farmasi mai arahar. Kada ka raba ƙwaya biyu don ta daɗe, kada ka ari na maƙwabci, kada ka saya wajen masu tallar magani a rana. In amlodipine ya kumbura ƙafa, ko captopril ya sa busasshen tari, ko metformine ya dami ciki, ka koma a sauya ko a gyara. Dangin captopril ba na mai ciki ba ne. Diclofenac da ibuprofène da ake sha kamar gyaɗa don ciwon gaɓɓai suna ɗaga tansiyo suna cin ƙoda. Mai lasifika da ke alkawarin raba ka da suga cikin mako biyu kuɗinka yake so. Duk saiwa ko garin da kake sha, ka faɗa wa lokotoro.

Insulin a firiji ake ajiye shi, ba a wajen ƙanƙara ba. In babu firiji ko wuta ba ta zama, a sa shi cikin roba mai murfi, a cikin ƙaramar tukunyar ƙasa da aka binne a jiƙaƙƙen rairayi a inuwa. Kwalbar da aka fara kada ta wuce kamar mako huɗu.

Mai shan maganin suga ya riƙa yawo da ƙwayar sukari uku a aljihu. Makyarkyata, gumi, yunwa mai tsanani ko ruɗewa, ko lamba ƙasa da 0,70, ya sha su nan take, a sake awo bayan minti 15. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti.

Maganar azumi tun watan Rajab ake fara ta da lokotoro, don a gyara lokaci da yawan magani. Mai suga in lambarsa ta sauka ƙasa da 0,70 ko ta haura giram 3, ya karya. Aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta yi wa maras lafiya rangwame. In zuciyarka ba ta natsu ba, ka je wa malaminka da bayanin lokotoro a hannu.

10. Ranar da ba a jira

Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe. Ko ciwon ƙirji mai danna mutum da gumi. Ko numfashi ya gagara. Ko tansiyo 18/12 da ciwon kai mai tsanani ko ruɗewa. A nan ba a tsayawa kiran dangi ko muhawara kan iska ce ko sammu. A yi addu'a a hanya. Kada a ɗura wa wanda jikinsa ya shanye ruwa ko rubutu, haɗiyarsa ta lalace, zai tafi huhu. Kada a ƙara masa ƙwayoyi don a sauke tansiyo da ƙarfi. Ka duba agogo ka riƙe lokacin da abin ya fara, za a tambaye ka.

A cikin bangon kayenmu na rubuta lambar wayar masu adaidaita biyu na unguwa waɗanda suka yarda a tashe su ko ƙarfe uku na dare, da ta maƙwabcinmu mai mota. Akwai ƴan jikkuna a ambulan da ba a taɓawa ko ranar salla. Kayen yana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakin Inna, tare da gwangwanin magani, kuma har ƙaramin yaron gidan ya san in an fita da gaggawa su ake fara ɗauka.